Ƙidayar Ambato da Darajar Mai Bincike a Fagen Cutar Mantuwa da Kula da Tsofaffi

A yawancin jami'o'in wannan zamani, idan aka zo ƙarin girma ko rabon kuɗin bincike, abin da kwamiti kan fara dubawa shi ne yawan maƙalolin da malami ya wallafa, sannan yawan lokutan da wasu masana suka ambaci waɗannan maƙaloli, wato suka kafa hujja da su a cikin nasu rubuce-rubucen. Wannan ƙidaya ta samo asali ne daga shawarar da Eugene Garfield ya gabatar a mujallar Science a 1955, wadda ta haifar da kundin ambato na kimiyya da cibiyarsa ta birnin Philadelphia ta soma fitarwa a 1964, kafin rumbunan intanet irin su Scopus da Google Scholar, waɗanda duka suka bayyana a 2004, su mai da ita abin da kowa ke iya dubawa daga kan teburinsa. A 2005 kuma Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziya a Jami'ar California da ke San Diego, ya fito da abin da ake kira ma'aunin h, wanda ke dunƙule aikin rayuwar mutum cikin lamba ɗaya: wanda ma'auninsa ya kai 40 shi ne mai maƙaloli 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Muhawarar da ta biyo baya ta shafi kowane fanni na ilimi, amma ta fi zafi a binciken cutar mantuwa, saboda dalilan da ke cikin yanayin cutar kanta.

Cutar mantuwa, wadda jama'a kan ɗauka gigin tsufa ne kawai, lalacewar ƙwaƙwalwa ce da ke tafiya sannu a hankali har ta raba mutum da tunaninsa, da iya magana, da iya kula da kansa, kuma nau'in da ya fi yawa a cikinta shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da ita, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma abin da ta ci wa duniya a 2019 ya kai dala tiriliyan 1.3, wanda kusan rabinsa darajar hidimar da iyali da makusanta ke yi ne ba tare da an biya su ba, mata kuwa su ke ɗaukar kimanin kashi 70 na sa'o'in wannan hidima. Tun da har yau babu maganin da ke warkar da ita, binciken ya rabu gida biyu: masu neman musabbabi da magani a ɗakunan gwaji, da masu nazarin yadda za a rayu da cutar, wato yadda za a ciyar da marar lafiya, a yi masa wanka, a kwantar da hankalinsa, a kuma tallafi 'yar da ta bar sana'arta don jinyarsa. Tambayar ita ce ko lamba ɗaya za ta iya yi wa gidajen nan biyu adalci.

Masu goyon bayan ƙidayar suna da hujjar da ba ta da sauƙin turewa, domin sun san abin da ake yi kafin zuwanta. Inda babu lamba, hukunci kan koma hannun manyan sashe, su kuwa mutane ne masu almajirai da abokan hamayya, kuma ƙaramin malamin da ba shi da uban gida yakan shekara yana jiran abin da ya cancanta tun tuni. Ambato, a ganinsu, shaida ce ta dubban mutanen da ba su san marubucin ba, ba su ci abincinsa ba, ba kuma sa tsoronsa, don haka ya fi wasiƙar yabo da aboki ya rubuta nesa da son zuciya. Suna kuma nuna cewa a wannan fage ayyukan da aka fi ambato sau da yawa su ne waɗanda suka canza aiki a zahiri. Rahoton kwamitin mujallar Lancet ƙarƙashin jagorancin Gill Livingston ta Kwalejin Jami'ar Landan misali ne: a 2017 ya lissafa abubuwa 9 da ake iya gyarawa waɗanda ke da hannu a kusan kashi 35 na masu kamuwa, a 2020 suka zama 12 da kashi 40, a 2024 suka kai 14 da kashi 45, cikinsu har da ƙarancin karatu a ƙuruciya, da raunin ji, da hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, da kaɗaici, da matsalar ido da ba a yi wa magani ba. An ambaci rahotannin nan dubban lokuta, kuma a lokaci guda sun shiga manufofin ma'aikatun lafiya, wanda ke nuna cewa yawan ambato da amfanin jama'a na iya tafiya tare.

Akwai kuma hujja ta biyu da ta shafi masanan ƙasashen da ba a cika waiwaya ba. Binciken haɗin gwiwa na Indianapolis da Ibadan, wanda Hugh Hendrie da Benjamin Osuntokun suka soma a 1992, Adesola Ogunniyi kuma ya ci gaba da jagorantarsa a ɓangaren Nijeriya, ya kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatan Amurka ta hanyar awo iri ɗaya, ya kuma bayar da rahoto a 1995 cewa kimanin kashi 2 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama ne ke da cutar a Ibadan, alhali a Indianapolis adadin ya kai kimanin kashi 8. Wannan bambanci ya tilasta wa masana sake duba rawar da muhalli da abinci da lafiyar jijiyoyin jini ke takawa, kuma ta hanyar ambato ne aikin ya ratsa duniya, sunayen likitocin Ibadan suka shiga littattafan da ake karantawa a Turai da Amurka. Masu wannan ra'ayi na ganin cewa lamba, duk da aibinta, ita ce ƙofar da ba ta tambayar mutum daga wace ƙasa ya fito.

Sai dai masu suka sun fara ne daga tambayar da lambar ba ta amsawa, wato dalilin ambaton. Maƙalar da Marshal Folstein da Susan Folstein da Paul McHugh suka wallafa a 1975, wadda ta gabatar da gajeren gwajin hankali mai maki 30 da aka sani da MMSE, tana cikin maƙaloli 100 da aka fi ambato a tarihin kimiyya bisa jerin da mujallar Nature ta fitar a 2014. Gwajin kan ɗauki mintuna kaɗan: likita ya tambayi tsoho shekara da wata da rana, ya faɗa masa kalmomi uku ya maimaita, ya sa shi ya riƙa cire 7 daga 100, ya nuna masa agogo da fensir ya faɗi sunansu, ya ba shi takarda ya ninke, sannan ya rubuta jimla guda, ya kuma kwaikwayi zanen siffofi biyu masu kusurwa biyar da suka shiga juna. Kusan duk wanda ya yi amfani da gwajin dole ne ya ambaci maƙalar, ko ya karanta ta ko bai karanta ba, saboda haka dubban ambaton nan shaidar yaɗuwar kayan aiki ce kawai. Ba su faɗi komai ba game da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, wadda ke ƙirga watanninta da Rajab da Sha'aban, ta san ranar kowace kasuwa da bashin da take bin kowa, amma za ta rasa maki a rubutu da zane da kwanan watan Bature, har sakamakon ya nuna ta a matsayin mai taɓuwar ƙwaƙwalwa. Masana sun daɗe da sanin cewa matakin karatu na karkatar da sakamakon wannan gwaji, kuma abin lura a nan shi ne duk maƙalar da aka rubuta don nuna wannan rauni ita ma ƙarin ambato ce ga gwajin, domin na'urar ƙidaya ba ta bambanta yabo da suka. Malaman hadisi sun riga kowa sanin irin wannan tarko, tun da suka raba shaharar magana a bakunan mutane da ingancin isnadinta, har suka keɓe littattafai don tantance abin da ya shahara alhali bai inganta ba.

Misalin da ya fi girgiza fagen ya zo ne daga ɗakin gwaji. A 2006 mujallar Nature ta wallafa maƙalar Sylvain Lesné da Karen Ashe da abokan aikinsu na Jami'ar Minnesota, wadda ta ce an gano wani dunƙule na musamman na furotin ɗin amiloyid, wato sinadarin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, kuma wannan dunƙule da kansa yana raunana tunanin ɓeraye. An ambaci maƙalar fiye da sau 2,000. Bayan shekaru 16, a watan Yulin 2022, mujallar Science ta buga binciken ɗan jarida Charles Piller, wanda ya ginu kan abin da likita Matthew Schrag na Jami'ar Vanderbilt ya gano na alamun an taɓa hotunan gwaje-gwajen, kuma a watan Yunin 2024 aka janye maƙalar bayan Ashe ta amince cewa an sauya wasu hotuna, ko da yake ta tsaya kan cewa ainihin sakamakon yana nan daram. A tsawon waɗannan shekaru duk kwamitin da ya dogara da lamba zai sanya wannan aiki a sahun gaba. Masu kare ƙidayar kan amsa da cewa maguɗi yana yaudarar kowane irin ma'auni, tun da masanan da suka tantance maƙalar kafin a buga ta su ma ba su gano ba, kuma wannan gaskiya ne; haka nan kuskure ne a ce ra'ayin amiloyid gaba ɗaya ya rataya ga maƙala guda, domin John Hardy da Gerald Higgins sun tsara shi tun 1992 bisa hujjojin gado, maganin lecanemab da ke share amiloyid kuma ya rage saurin lalacewar da kimanin kashi 27 cikin watanni 18 a babban gwajinsa. Amma amsar ba ta kawar da damuwar ba, saboda ƙidaya ba ta tsaya ga nuna shahara kawai, tana ƙara ta: abin da aka ambata da yawa shi ke fitowa a saman shafin nema, shi ɗalibi zai gani ya sake ambata, kuɗin bincike ya bi bayansa, kuɗin ya haifi sababbin maƙaloli. Masanin zamantakewa Robert Merton ya bayyana wannan ɗabi'a tun 1968, cewa a kimiyya yabo kan taru ne wurin wanda ya riga ya samu.

Hujjar da ta fi nauyi a ɓangaren masu suka, wadda kuma ta keɓanci wannan fage, ba ta da alaƙa da maguɗi. Ambato ba ya fitowa sai daga mai rubuta maƙala, alhali waɗanda ke cin gajiyar binciken jinya mafi yawansu ba sa rubutu. Masanin sinadaran ƙwaƙwalwa yana yi wa takwarorinsa magana ne, su kuwa dubbai ne, kowanne na wallafa maƙaloli da dama a shekara, ta yadda duk wanda ya amfana da shi zai bar alama a rumbun ƙidaya. Mai binciken jinya kuwa yana magana ne da ma'aikaciyar gidan tsofaffi da ke aikin dare, da matar da mijinta ya daina gane ta, da jami'in da ke tsara kasafin asibiti, kuma idan shawararsa ta sa wani tsoho ya yi barci ba tare da an ɗirka masa magani ba, babu inda za a rubuta hakan a matsayin ambato. Rahoton da Sube Banerjee ya miƙa wa gwamnatin Birtaniya a 2009 ya nuna girman abin da ke iya kuɓuce wa lamba: ya ƙiyasta cewa kimanin masu cutar 180,000 ake ba magungunan taɓin hankali don a kwantar da su, waɗanda ke amfana ba su wuce 36,000 ba, kuma magungunan na jawo ƙarin mutuwar mutum 1,800 a kowace shekara. Bayan rahoton an matsa wa likitoci lamba, bayar da magungunan ya ragu sosai a shekarun da suka biyo baya, sai dai rahoton gwamnati ba maƙalar mujalla ba ne, rayukan da aka tsirar kuma ba su da gurbi a ma'aunin h. Adalci na buƙatar a ƙara da cewa rahoton ya tsaya ne a kan gwaje-gwajen da aka wallafa a manyan mujallu, ciki har da nazarin Lon Schneider na 2005 a mujallar JAMA da ya tattara gwaje-gwaje 15 ya nuna ƙaruwar haɗarin mutuwa. Wato aikin da ake ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa kowanne na buƙatar ɗan'uwansa, amma ɗaya ne kaɗai ke samun lada a takardar ƙarin girma.

Haka lamarin yake ga tsarin motsa ƙwaƙwalwa cikin rukuni da Aimee Spector da Martin Orrell suka gwada a Ingila, suka wallafa sakamakonsa a 2003. Zama 14 ne cikin makonni 7, mutum biyar zuwa takwas a ɗaki ɗaya, ana hira kan abinci da kuɗi da ƙuruciya, ana waƙa, ana wasan kalmomi, kuma hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar amfani da shi tun 2006. An daidaita shi da al'adun ƙasashe da dama, har da Nijeriya da Tanzaniya, inda ya zama dole a sauya duk abin da ke buƙatar karatu da rubutu. Aikin daidaitawa irin wannan, wanda ke cin watanni ana zama da tsofaffi da iyalansu, yakan ƙare a maƙala ɗaya ko biyu da 'yan tsirarun masana za su ambata, ko da kuwa shi ne ya sa tsarin ya yi aiki a ƙauye.

Masu goyon baya ba su rasa abin cewa ba. Suna nuna cewa binciken jinya mai kyau shi ma yana samun ambato: littafin Tom Kitwood na Jami'ar Bradford, wanda ya fito a 1997 ya kafa tsarin jinyar da ke sa mutum gaba da cutarsa, yana cikin ayyukan da aka fi ambato a fagen, haka ma ma'aunin nauyin jinya da Steven Zarit ya gabatar a 1980. Suna kuma cewa an riga an ƙirƙiro hanyoyin gyara, inda ake kwatanta maƙala da takwarorinta na fanni ɗaya da shekara ɗaya maimakon a haɗa ta da na wani fanni. Wannan gyara yana da amfani, kuma duk kwamitin da ya yi watsi da shi ya yi sakaci, amma yana magance bambancin yawan marubuta ne tsakanin fannoni, bai taɓa matsalar masu amfanin da ba sa rubutu ba. Birtaniya ta gwada cike giɓin a tsarinta na tantance binciken jami'o'i, inda tun 2014 ake buƙatar kowace jami'a ta kawo bayanin tasirin aikinta a wajen harabarta, aka ba wannan ɓangare kashi 20 na maki, aka ɗaga shi zuwa 25 a 2021. Abin da masu shakka ke faɗa game da shi ma ba ƙarya ba ne, cewa yana cin kuɗi da lokaci, kuma jami'ar da ta iya tsara labari kan fi wadda ta iya aiki samun maki.

Hujjar cewa lamba ba ta tambayar ƙasa kuwa tana da rauni idan aka dube ta da kyau. Ƙungiyar bincike ta 10/66 da Martin Prince ya jagoranci kafawa a 1998 ta ɗauki sunanta ne daga lissafin cewa ƙasa da kashi 10 na binciken cutar a cikin al'umma ne aka yi a ƙasashen da kashi 66 na masu ita ke zaune. Inda marubuta suka yi kaɗan, masu ambato ma kaɗan ne, rumbunan ƙidaya kuma sun fi tattara mujallun Ingilishi na Turai da Amurka. Binciken Ibadan ya shahara ne a wani ɓangare domin yana da ƙafa ɗaya a Indianapolis da kuɗin cibiyoyin lafiya na Amurka, kuma tambayarsa ta shafi abin da ke damun masanan can. Likitan da ya ƙirga masu cutar a garinsa shi kaɗai, ko ya nazarci yadda ake tsangwamar tsohuwa mai ruɗewa da zargin maita, aikinsa na iya zama farkon abin da ma'aikatar lafiyar jiharsa ke buƙata, amma ba zai tara ambaton da zai kai shi kusa da wanda sunansa ya shiga cikin marubuta 30 na wata babbar maƙala ta duniya ba, tun da ma'aunin h yana ba kowane suna cikakken lada ko da gudummawarsa karanta daftari ne kawai.

Sanarwar San Francisco kan tantance bincike, wadda aka tsara a 2012, ta nemi a daina auna mutum da martabar mujallar da ya wallafa a ciki, ƙa'idoji 10 na Leiden da aka buga a 2015 kuma suka ce lamba ta tallafa wa hukuncin masana, kada ta maye gurbinsa. Idan aka auna hujjojin, wannan matsayi ya fi kusa da daidai, amma da sharaɗin da masu suka kan manta: hukuncin masana ba ya zama garkuwa sai an tilasta musu karanta aikin da kansu, su rubuta dalilansu, a kuma bai wa wanda aka yanke wa hukunci damar gani, in ba haka ba an koma gidan jiya na uban gida da almajiri. Ƙidaya tana da amfani idan ana kwatanta masana biyu na ɗakin gwaji masu shekarun aiki kusan ɗaya, amfaninta yana raguwa idan ɗayansu mai binciken jinya ne, yana kusan ɓacewa idan ana so a san wanda ya sauƙaƙa wa iyalai wahala.

Illar da ta fi wuyar gyarawa tana faruwa ne tun kafin a rubuta komai, a lokacin da matashin malami ke zaɓar tambayar da zai ba shekarunsa. Ma'aunin tasirin mujalla yana ƙirga ambaton shekaru biyu ne kacal bayan wallafa, kwantiragin ƙaramin mai bincike ma sau da yawa bai fi haka tsawo ba, alhali cutar mantuwa kan ɗauki shekaru da yawa tana tafiya, binciken Ibadan kuma ya shafe kusan shekaru 20 ana komawa gidajen tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san da lamba za a auna shi zai ga ya fi masa sauƙi ya sake nazarin bayanan da wasu suka riga suka tara ya fitar da maƙaloli biyar, maimakon ya shiga binciken rashin riƙe fitsari, ko yawon dare, ko ƙin cin abinci, ko yadda ɗa namiji zai yi wa mahaifiyarsa wanka ba tare da ya keta mata haddi ba. Waɗannan su ne matsalolin da ke sa iyali su gaza, kuma kwamitin da ke son a bincike su dole ne ya ware musu kuɗi da guraben aiki tun daga farko, ya kuma sanar da masu nema cewa ba da yawan ambato za a auna su ba.